Wane tsiro za a fara gwadawa a kan bakteriya?

Ɗaliba: Salamu alaikum malamai. Wane tsiro ya fi dacewa a fara gwadawa a kan bakteriyar Staphylococcus aureus da E. coli, kuma yaya ake haɗa shi?

Malamin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam. Ki fara da ɗanyar tafarnuwa. Allicin, sinadarinta mai kashe bakteriya da Chester Cavallito ya ware a 1944, ba ya samuwa sai an daka ta, domin dakan ne ke haɗa alliin da enzayim ɗin alliinase. Ki daka, ki bar ta minti 10, ki tace, ki yi aiki da ruwan a ranar. Kika tafasa ta kafin daka, enzayim ya mutu, aiki ya tashi a banza.

Mai harhaɗa magani: Ki ƙara da kanumfari, eugenol ne mafi yawan mansa, sai bagaruwa saboda tanin. A shanya su a inuwa, rana na kore mai. A niƙa, a jiƙa giram 10 cikin mililita 100 na etanol mai ƙarfin kashi 70, kwana biyu zuwa uku, ana girgizawa, sannan a tace.

Malamin ɗakin gwaji: Ga inda ɗalibai ke tuntuɓe: etanol ɗin kansa yana kashe bakteriya. Dole a bar shi ya tsere gaba ɗaya, kuma cikin ƙananan faifan takardar da ake ɗiga wa ruwan tsiron a ɗora a kan ƙwayoyin, a ajiye ɗaya mai etanol zalla don kwatance. Faifai milimita 6, agar na Mueller-Hinton (abincin da ake shuka ƙwayoyin a kai a faranti), kaurin ƙwayoyin 0.5 a ma'aunin McFarland, zafi digiri 35 zuwa 37 na Selsiyas, awa 18 zuwa 24.

Ɗaliba: Malam, idan da'irar da ƙwayoyin ba su tsiro ba a kewayen faifan ta fito ƙarama a kan E. coli fa?

Malamin ɗakin gwaji: Ba abin mamaki ba ne, yana da ƙarin fata ta waje da ke tare sinadarai da yawa. Faɗin da'ira ma yakan yaudara, tunda mai ba ya yaɗuwa sosai cikin agar. Ki auna MIC, wato mafi ƙarancin adadin ruwan tsiron da ke hana ƙwayoyin tsiruwa.

Likita: A dai kula, abin da ya kashe ƙwaya a faranti ba lallai ya kai wannan adadin a jini ba. Ɗanyar tafarnuwa da aka ɗaure a fata tana ƙonawa har ta yi bororo, man kanumfari kuma idan yaro ya sha yana iya lalata masa hanta. Ciwon da ke ruwa tare da zazzaɓi, asibiti za a kai shi.