Tsohuwar AC ɗinmu tana ƙanƙara, gida kuma ba sanyi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin aikin AC ku taimaka min da shawara.

A birnin Houston na Amurka muke zaune. Gidan yana da AC irin wadda ke raba sanyi ta bututu zuwa kowane ɗaki, tun 2004 aka sa ta. Sati uku ke nan iska mai ɗumi take busowa da rana. Na sauya matatar iska, na wanke injin waje, mai gyara ya sauya kafasita (ƙaramin abin da ke taimaka wa injin ya tashi). Duk da haka, bayan awa biyu sai ƙanƙara ta lulluɓe babban bututun tagulla, ruwa ya riƙa ɗiga daga silin ɗin falo.

Mai gyaran ya ce gas ɗin sanyaya iskar ne ke zurarewa, kuma irin wanda ake kira R-22 ne, wanda Amurka ta hana ƙerawa da shigowa da shi tun 1 ga Janairu 2020, shi ya sa ya yi tsada. Ya ce ba a zuba mata wani irin gas da ake kira R-410A a madadinsa, matsinsa ya fi ƙarfin injin. Amma bai nemo inda yake yoyo ba, wannan ne ya tsaya min a rai.

Ana iya toshe yoyon a sake cikawa, ko dole sai sabuwa? Mahaifiyata tana tare da mu, zafin Agusta yana wahalar da ita sosai.