Dillalin aikin da ya ɓoye albashi: a amsa masa ko a share shi?

Daga zauren masu rubuta manhaja na Birnin Kebbi, daren Laraba.

Nasiru: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau wani dillalin aiki ya turo min saƙo a LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, wai tarihin aikina ya burge shi, akwai babbar dama a wani kamfani, in ba shi minti goma sha biyar a waya. Ba sunan kamfani, ba albashi. Kuma mai Java suke nema, ni kuwa shekara biyar ina kan JavaScript. Harsunan rubuta manhaja ne daban-daban: duk da a 1995 suka fito su biyun, ɗaya daga kamfanin Sun ɗaya daga kamfanin Netscape, suna kawai ya haɗa su, kuma wanda ya karanta shafina ba zai yi wannan kuskure ba. Shawarata: duk dillalin da bai faɗi albashi a saƙon farko ba, kada a amsa masa, kada kuma a sake turo tallarsa zauren nan.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Yaya Nasiru, kai da ke da aiki a hannu kana iya sharewa. Ƙannenmu da suka gama a jami'ar Aliero da kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, da waɗanda suka fito daga horon 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, saƙo nawa suke samu a wata? Kamfanonin nan galibinsu a Legas da Abuja suke, ba su san da mu ba. In ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofa sai mu ce bai yi sallama daidai ba? Ni aikina na farko ta irin wannan saƙon na same shi.

Malam Bello: Hadiza, tsaya ki ji. In kin kai saniya kasuwar kara, wa ke fara faɗin kuɗi? Mai saye ne ke tayawa, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. A nan mu ne masu kaya, shi ya biyo mu har gida, to shi ya kamata ya taya. Amma sai su juya abin, su ce nawa kake so, ko ma nawa ake biyanka yanzu. Wannan tambaya ta biyun ita ta fi ɓata min rai. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke farashinta a Yunin 2023 darajar albashin kowa ta zube. Wanda zai ɗora sabon tayi kan tsohon albashinka, so yake ka kwaso asararka ka shigo da ita sabon wuri.

Usman: Malam, da girmanka, bari in faɗi ɓangarensu, domin na taɓa taya wani kamfani nemo ma'aikata. Dillali la'ada yake ci, kuma kamfani ne ke biyansa, yawanci wani kaso na albashin shekarar farko, sai an ɗauki mutumin da ya kawo. In ya faɗi sunan kamfani tun farko, sai ka zagaye shi ka tura takardarka kai tsaye, ko wani dillalin ya ji ya riga shi. Albashi kuma sau da yawa kamfanin ne ke hana faɗi, don kada tsofaffin ma'aikata su ga an fi su.

Nasiru: Na yarda da ta sunan kamfani, Usman, ya riƙe abinsa. Ta albashi ce ban yarda ba. Dalilin da ka kawo ai shi ne laifin: ana tauye na ciki, ana so a tauye na waje. Jihar Colorado ta Amurka tun 2021 ta wajabta rubuta iyakar albashi a tallar aiki, birnin New York ya bi a Nuwamban 2022, kuma dillalai ba su daina cin abinci a can ba. Ba na cewa ya faɗi adadi daidai. Ya ce daga kaza zuwa kaza, ya isa.

Aisha: Ni daga Gusau nake bin ku, kuma wallahi ɓoye albashi ba shi ya fi yi min ciwo ba. Shirun da ke biyo baya ne. Bara na yi intabiyu uku da wani kamfani, suka ba ni aikin gwaji, na kwashe kwana shida a kansa, ina sayen data, ina zuba wa janareta fetur saboda kada wuta ta yanke ana tsaka da magana. Dillalin da ke kirana safe da yamma, har ranar Juma'a ana shirin masallaci, ranar da na miƙa aikin ya ɗauke ƙafa. Sau uku ina tambaya, yana gani, bai amsa ba. Da ya rubuto layi ɗaya ya ce an ɗauki wani, da na yi masa godiya. Kuma tun da aka rufe layukan waya a jiharmu a Satumban 2021, wasu da sun ji Zamfara sai murya ta canza, ko tambayata ba sa yi wace hanya nake samun intanet yanzu.

Malam Bello: Allah ya musanya miki da mafi alheri, Aisha. Kwana shida ai ba gwaji ba ne, aiki ne kyauta.

Aisha: Amin Malam. Kuma da an faɗa min albashin tun farko, wataƙila ko fara gwajin ba zan yi ba. Nan kam ina bayan Yaya Nasiru.

Usman: Akwai kuma masu cewa aiki daga gida ne, sai an kai ƙarshe a ce kwana uku a mako a ofis a Legas. Wannan ni ma ba zan kare shi ba.

Hadiza: Duk na ji, kuma abin da aka yi wa Aisha zalunci ne. Amma ku duba, kowannenku ya san haka ne domin ya amsa ya gani. Yaron da bai taɓa zama gaban mai intabiyu ba, in muka ce ya share, yaushe zai koya? Abin da nake so a hana a zauren nan daban ne: mai neman kuɗin fom, da mai tambayar NIN ko BVN tun kafin a yi magana. Kamfani ke biyan dillali, mai neman aiki ba ya ba da ko sisi. Kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka damar tambayar me za a yi da bayananka. Waɗannan a toshe su. Sauran kuwa a amsa, a yi tambaya.

Nasiru: Tambayar ce ke cin lokaci, ƙanwata. Sai ka tambaya ya ce mu yi waya tukuna.

Hadiza: To nan ne za ka ce albarka, ba tun kafin a buɗe baki ba.

Malam Bello: Ni dai ba na son a kafa doka kan abin da kowa ke yi da akwatin saƙonsa. Amma tallar da za a turo nan, mai turowa ya fara tambayo albashi da inda za a zauna a yi aikin. In sun ƙi faɗa, ya rubuta a sama cewa sun ƙi, kowa ya shiga da saninsa.

Nasiru: Ban sauka daga ra'ayina ba, Malam, amma na amince da wannan. Yanzu na mayar wa mutumin amsa: na ce ba Java nake yi ba, na tambaye shi iyakar albashi, da ko daga Kebbi za a iya aikin, da matakai nawa ne kafin a yanke hukunci. Ya buɗe saƙon, bai ce komai ba tukuna.

Hadiza: In ya amsa ka turo min, Yaya. Akwai wani yaro a Jega da ke rubuta Java, wata takwas ke nan yana nema.