Daga PageMaker zuwa PhoneGap: da wace manhajar Adobe kuka fara cin abinci?

Mai Ɗab'in Wunti: Assalamu alaikum. Yaran shagona sun dage wai duk manhajar da ke ɗauke da sunan Adobe shi ya ƙirƙire ta. Na ce musu da yawa saye ya yi. John Warnock da Charles Geschke ne suka kafa kamfanin a 1982 bayan sun bar Xerox, kuma abin da suka fara fitarwa shi ne PostScript, wanda da shi kwamfuta ke gaya wa firinta yadda shafi zai fito. To ku da kuka yi aiki da sauran, kowa ya faɗa mana wadda ya fara cin abinci da ita, da yadda ya yi da aka daina ta.

Tsohon Mai Katin Biki: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni PageMaker ce ta rene ni. Asalinta ta kamfanin Aldus ce na birnin Siyatil, ta fito a 1985, sai a 1994 ta koma hannun Adobe. Katin ɗaurin aure, kalanda, littattafan Islamiyya, fastar 'yan takara, duk da ita muka yi.

Yaran yanzu ba su san wahalar haruffa masu ƙugiya ba. A lokacin sai ka sa fon na musamman, ka danna wani maɓalli can gefe kafin ƙ ko ɗ su fito. In ka kai aikin wata kwamfutar da ba ta da wannan fon, sai ka ga wasu alamomi sun zauna a gurbinsu. Shi ya sa in za mu kai aikin kala Jos, fon ɗin ma sai mun kwafe shi a faifai mun tafi da shi. In kuwa aikin gaggawa ne, sai mu buga da k da d zalla a kan tiresin, wato takardar nan shara-shara, mutum ya zauna da baƙin biro mai tsini yana bi layi-layi yana yi musu ƙugiya kafin a ƙona fileti, farantin da ake ɗaura wa injin ɗab'i. Littafi mai shafi da yawa, ido har ruwa yake yi. PDF ce ta raba mu da wannan, don tana tafiya da fon ɗinta a ciki. Tun 1993 aka fitar da ita, mu dai ta daɗe kafin ta iso shagunanmu.

Malama daga Yalwa: Allah ya ƙara girma, Baba. Ni InDesign na tarar, wadda suka fitar a 1999 ta gaji PageMaker. Mujallar makarantarmu nake shiryawa da ita, kuma ƙugiya ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Sai dai in akwai aya ko hadisi, dole a nemi samfurin da ke rubutu daga dama zuwa hagu. Abin da ya canza mana lissafi shi ne 2013, da aka koma biyan kuɗi wata-wata maimakon saye sau ɗaya. Ga dala, ga katin naira da ba kullum yake wucewa ba. Yawancin masu shago da na sani CorelDRAW suka riƙe, har littafi da ita suke yi, abin da ni ban ga hikimarsa ba.

Ɗan Gwallameji: Flash! Ita ma sayo ta aka yi: ta Macromedia ce, Adobe ya saye kamfanin a 2005 kan kimanin dala biliyan 3.4. Ina ɗalibi na riƙa yi wa makarantun yara darasin abacada mai motsi a faifan CD. Da Steve Jobs ya rubuta a 2010 cewa ba za ta hau iPhone ba, na san rana ta fara yi mata. Kafin a rufe ta a ƙarshen 2020 na riga na koma HTML5, harshen haɗa shafukan intanet da ya maye gurbinta.

Mai Manhajar Waya: Ni ne autanku. PhoneGap ta kamfanin Nitobi ce na Kanada, Adobe ya saye shi a 2011, ya kuma miƙa tushen manhajar ga gidauniyar Apache, inda ta zama Cordova. Daɗinta shi ne duk wanda ya iya haɗa shafin intanet zai iya yin manhajar waya: ka ɗora fayilolinka a hidimarsu ta intanet, su dawo maka da wadda za ka sa a Android. Haka na mayar da rubuce-rubucen wani malami a unguwarmu manhajar da ake karantawa ba sai da data ba, ana ta turawa juna ta Xender. Da aka rufe hidimar a Oktoban 2020 sai na koma haɗawa da Cordova a laftof ɗina. Kayan aikin Android ɗin da nauyi, da datar dare na sauke su.

Tsohon Mai Katin Biki: To ɗana, tunda kun iya, ina da littattafai a tsohuwar kwamfuta, duk a PageMaker 7. Marubutan suna so a sa su a waya. Ta ina zan fara?

Malama daga Yalwa: Baba, InDesign CS6 tana buɗe su, sababbin kuwa ba sa buɗewa. Akwai ta a kwamfutar ofishinmu. A turo yaro da filashi ranar Asabar, a haɗo har da tsohon fon ɗin, don sai mun bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya mun sauya su.