Birkin gaba: shawarar da makanikai suka tsaya a kai

A hirar da aka yi a wani gareji da ke Sabon Gari, Zariya, bakin yawancin makanikai ya zo ɗaya: mai mota mai gudu kada ya fara da sayen cikakken saitin birki na kamfanin Brembo. Tsada gare shi, kuma sau da yawa sai ka sauya wili kafin ya shiga.

Fara da takalmin birki mai jure zafi, tunda gaba ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa. Sai man birki: nau'in DOT 4 yana kai digiri 230 a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, DOT 3 kuwa 205, amma duk biyun suna shan danshi, don haka a riƙa sauyawa.

Faifan birki mai huji? Wani dattijo ya ce ado ne, yana ma iya tsagewa. Na yarda da shi. Taya in ta suɗe kuwa, duk wannan banza ne.