Sayen fasfo ta hanyar zuba jari: wa ke cin riba?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma wahalar neman biza ta ishe ni, domin a bara wani baje koli ya wuce ni saboda fasfona ya yi makonni a wani ofishin jakadanci. Kwanan nan wani dillali ya kawo mini takardu masu ƙyalli, yana cewa da dala 200,000 zan zama ɗan ƙasar Dominika, wani ƙaramin tsibiri a yankin Karibiyan, ba tare da na taka ƙasar ba, ko kuma in sayi gidan dala 400,000 a Istanbul in samu fasfon Turkiyya. Shin doka ta yarda da wannan, kuma wane tasiri yake yi ga tattalin arzikin ƙasashen da ke sayarwa?

Akanta:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Hanyar tana bisa doka, kuma sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya bai hana haifaffen ɗan ƙasa riƙe fasfo biyu ba. Tsibiran Sent Kits da Nebis, wata ƙasa a yankin Karibiyan, su ne suka fara wannan tsari a 1984, kuma ya ƙara ƙarfi bayan da suka rufe masana'antar sukari a 2005. Ita kuwa Dominika, bayan guguwar Maria ta ragargaza ta a 2017, da irin waɗannan kuɗaɗe ta gina gidaje ga waɗanda suka rasa matsuguni. Ga ƙasar da mutanenta ba su kai 100,000 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ka bambance abu biyu: kuɗin da za ka zuba a asusun gwamnatin Dominika gudummawa ce, ba ya dawowa, shi kuma gidan Turkiyya naka ne, amma ba ka da ikon sayar da shi sai bayan shekara 3.

Baƙuwar Lisbon:
Ranka ya daɗe, bari in kawo ɓangaren masu masauki, domin na yi karatu a Fotugal. Ƙasar ta fito da tsarinta a 2012 tana cikin matsin bashi, inda mai sayen gidan yuro 500,000 yake samun izinin zama, ba fasfo kai tsaye ba. Kuɗi sun shigo, an gyara tsofaffin gine-gine, amma a unguwar da na zauna akwai benayen da tagoginsu suke rufe shekara guda cur, masu su na wata nahiya, alhali maƙwabciyata, wata tsohuwa mai gasa kifi, ta tattara kayanta ta koma bayan gari saboda haya ta fi ƙarfinta. Ban ɗora laifin duka a kan wannan tsari ba, domin ba wa 'yan yawon buɗe ido hayar gidaje ma ya taimaka ƙwarai. Duk da haka, gwamnati ta cire sayen gida daga tsarin a 2023, Sifaniya ta soke nata a Afrilun 2025, Girka kuma ta ɗaga farashi zuwa yuro 800,000 a Atina da wasu tsibirai. Jarin da ya kwanta a bulo ba ya samar da ayyuka kamar wanda aka zuba a masana'anta.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Alhaji, abin da dillalai ba sa faɗa shi ne darajar irin wannan fasfo tana hannun wasu ƙasashe, ba hannun mai sayarwa ba. A Yulin 2023 Birtaniya ta wajabta biza a kan masu fasfon Dominika da Banuwatu, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, saboda rashin gamsuwa da yadda ake tantance masu saye, kuma waɗanda suka biya don shiga Landan kai tsaye suka wayi gari a kan layin biza kamar kowa. Ƙasar Sayifurus ta rufe nata tsarin sayar da fasfo a 2020 bayan wani binciken Al Jazeera, sannan a Afrilun 2025 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa tsarin Malta ya saɓa wa dokar tarayyar. Ka kuma sani fasfon Turkiyya ba ya kai mutum Jamus ko Faransa ba tare da biza ba. Abin da ya fi damuna shi ne, dalar da za ka tara daga 'yan canji a Wapa ka fitar, ita ce dalar da masu shigo da kaya irinka suke nema ido rufe.

Ɗan Kwari:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gaskiya Landan ce dillalin ya fi kwaɗaita mini, kuma bai ambaci batun 2023 ba ko sau ɗaya. Gobe zan nemi ya nuna mini sunansa a jerin wakilan da gwamnatin Dominika ta amince da su kafin mu ci gaba da magana.