Baƙon sama a labarin yara: ya tsaya a madadin ɗan gudun hijira ko a'a?

Malamin CM2 (ajin ƙarshe na firamare), Marwa: Assalamu alaikum. Ga abin da nake riƙe da shi, mai ja ya ja. In ana son yaro ɗan shekara 9 zuwa 12 ya gane halin da baƙo ke ciki, ba abin da ya kai labarin halitta daga wata duniya. Tun 2013 sansanin 'yan gudun hijira na Minawao yake kusa da Mokolo a arewacin Kamaru, yara suna jin manya na cewa "mutanen can". Ka sa sunan ƙabila a labari, yaro ya riga ya taho da hukunci daga gida. Amma jirgi ya faɗo bayan gari da yaro mai ido uku, ba wanda ya taɓa zagin masu ido uku a gabansa, dole ya yanke da kansa.

Mai gyaran littattafai, Garwa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ni ban yarda ba. Kana so ka ce ɗan gudun hijira mutum ne kamarmu, sai ka zana shi da ido uku? Hoto ya fi rubutu zama a zuciyar yaro. Sannan marubuta kusan kullum suna faɗawa rami guda: baƙon sai ya warkar da mara lafiya ko ya kawo ruwan sama kafin gari ya karɓe shi. Yaro ya tashi da cewa baƙo sai da amfani ake ba shi tabarma. Matar da ta iso da goyo da ƙunshin kaya ba ta da abin al'ajabin da za ta biya da shi.

Malamin CM2, Marwa: Hajiya, wannan laifin marubuci ne, kuma yana gyaruwa. A cire ikon. A bar shi da yunwa, da jirgin da ya lalace, da uwar da yake nema.

Mai zane, Injamena: Yaya Hajiya ta taɓo gaskiya, amma akwai matsalar da ta riga wannan zuwa. Yaronmu in ya ga halitta ta sauko da magariba gindin kuka ko tsamiya, ba zai ce baƙo ba, aljani zai ce, daga nan tsoro ya cinye labarin. Saboda haka a shafi 3 na farko a yi abu uku. Ya sauko da hantsi, a fili, kusa da rijiya. A zana masa inuwa da sawun ƙafa a yashi, kada ƙafar ta yi kama da kofato. A nuna shi yana fama da ƙarfen jirginsa, hannu duk baƙin mai. Kada ya ɓace ya bayyana ko sau ɗaya. Kuma a kawo baƙi biyu masu saɓani, ɗaya mai kunya, ɗaya mai rowa. In duk jinsinsu hali ɗaya ne, ƙabilanci aka koyar ba a sani ba.

Tsohon malamin tarihi, Kuseri: 'Ya'yana, kun manta ɗayan baƙon, wanda ke zuwa da makami. H. G. Wells a littafinsa na 1898 kan mamayar mutanen Mars, tun babin farko ya tuna wa Turawa kisan da suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya. Siyasa tana cikin irin wannan labari tun asali. Amma a yi hattara a nan: a yaƙin Kuseri na 1900 Rabe da Lamy, kwamandan sojan Faransa, duka suka mutu, kuma dukansu da yaƙi suka shigo ƙasar. In ka raba labari fari da baƙi, yaro zai tambaye ka wane ne ɗan gari, ka rasa amsa.

Mai gyaran littattafai, Garwa: Baba, shi ya sa nake cewa a juya akalar. A littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, yaron ne aka tafi da shi sama. A bi wannan hanya: yarinyarmu ta sauka inda ba a jin yarenta, a tsare ta a ƙofa a nemi takardar da ba ta da ita, a yi dariyar ɗankwalinta. Mai karatu ya ji abin a jikinsa, kuma ba mu mai da kowa dodo ba.

Malamin CM2, Marwa: Na karɓi rabi, Hajiya. Sai dai yaron da ya zauna a matsayin baƙo kaɗai bai koyi aikin mai masauki ba, shi ne kuwa aikin da ke gabansa a aji. A yi ɗan littafi mai fuska biyu: takardar A4 guda 6 a ninke su ba da shafi 24, 12 tafiyarta, 12 zuwan nasu wurinmu.

Mai zane, Injamena: Malam, 12 da 12 ba za su fita ba, bango da bayansa sun ci 4. Ko a yi 10 da 10, ko a ƙara takarda ɗaya ya zama 28.