Imel uku a kwamfuta ɗaya

Tambaya: Jama'a, wace manhaja ce za ta haɗa min Gmail, Yahoo da imel ɗin ofis wuri guda?

Amsa: Malam, sauke Thunderbird, kyauta ce. Wajen saka kowane akwati zaɓi IMAP (tsarin karɓar saƙo da ke barin saƙonni a sabar, wato kwamfutar kamfanin imel), lambar tashar 993 da SSL (tsarin kare saƙo a hanya). Kar ka ɗauki ɗaya tsarin, wato POP, domin yana iya kwashe saƙonni daga sabar, ka duba waya ka tarar babu su.

Amsa: Gmail da Yahoo ka bar su a OAuth2 (hanyar shiga ta shafin kamfanin imel ɗin), taga za ta buɗe ka shiga da kanka. Kalmar sirri zalla ba ta wucewa.

Amsa: A kula da SMTP, wato tsarin tura saƙo. Kowane akwati a ba shi nasa, lambar tashar 465 ko 587. In ba haka ba, wasiƙar ofis za ta iya fita ta Gmail ɗinka.